Makonni Biyun Farko: Ebola a Legas da Batun Saya wa Soja Ɗakin Killacewa na Tafi-da-gidanka

Ranar Lahadi 20 ga Yulin 2014, muna cikin goman ƙarshe na azumi, jirgin kamfanin ASKY ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja. Cikin fasinjojinsa akwai Patrick Sawyer, jami'in ma'aikatar kuɗi ta Laberiya mai shaidar zama ɗan Amurka, wanda ya taso daga Monrobiya zai je taron ECOWAS a Kalaba. Tun a jirgi jiki ya ƙi masa. Da aka sauka sai aka zarce da shi asibitin kuɗi na First Consultants a Obalende. Likitocin gwamnati kuwa suna cikin yajin aikin da suka fara tun 1 ga watan.

Duk wanda ya taɓa kwana a Obalende ya san irin wurin da cutar Ebola da Sawyer ya shigo da ita ta faɗo. Ga tashar mota a ƙarƙashin gada wadda ba ta barci, ga barikin Dodan, ga masu tsire da masu shayi da masu wankin takalmi, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga Arewa, kuma a goman ƙarshe kafaɗa da kafaɗa ake tsayuwar dare a masallatan unguwar. A nan nake zaune a lokacin, ina aikin sito a wani kamfani da ke shigo da kayan asibiti ta Apapa. Shi ya sa in na tuna Ebola, tambayar da ke fara zuwa mini irin ta ɗan sito ce: da aka gane cutar, ina aka kwantar da marasa lafiyar, kuma kayan wurin tun yaushe aka saye su? Wannan rubutu nazari ne a kan wancan lamari, da abin da yake nuna wa wanda za a ɗora wa alhakin saya wa rundunar soja ɗakunan killace majinyata na tafi-da-gidanka.

Yadda abin ya gudana

Da farko zazzaɓin cizon sauro aka ɗauka yana damun Sawyer. Shi kuma ya musanta cewa ya yi hulɗa da mai Ebola, alhali cutar ce ta kashe 'yar'uwarsa a farkon watan. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ce ta ga abin ya wuce maleriya, ta sa aka ɗauki jininsa, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi wa asibitin a bar shi ya tafi taronsa. Ɗakin gwaji na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba ya tabbatar da cutar. Sawyer ya mutu ranar 25 ga Yuli a asibitin da ba don irin wannan cuta aka gina shi ba.

Ƙididdigar ƙarshe sananniya ce. Mutum 20 suka kamu a Legas da Fatakwal, 8 suka rasu, kuma 11 daga cikin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne. Dokta Adadevoh ta rasu ranar 19 ga Agusta. Cibiyar ko-ta-kwana da aka kafa a ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, wadda ta aro mutane da dabaru daga yaƙin da ake yi da shan-inna, ta bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, ta kai musu ziyarar ido-da-ido kusan sau 18,500. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola, bayan kwana 42 ba a sami sabon kamu ba.

Wannan shi ne labarin da ake bayarwa a taruka, kuma gaskiya ne. Amma akwai rami a tsakiyarsa. An ɗauki kusan makonni biyu kafin a sami sashen killacewa mai aiki yadda ya kamata. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba, wanda ake kira Mainland, nan aka fara kai waɗanda suka kamu daga Obalende, kuma waɗanda suka tsira sun bayyana ɗakin farko da aka sa su: tsohon gini mai kama da wanda aka yi watsi da shi, bayan gida ba ya aiki yadda ya kamata, masu shiga duba su ƙalilan ne domin tsoro ya kama ma'aikata. Sai daga baya, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitoci ta MSF, gwamnatin jihar Legas ta Babatunde Fashola ta shirya sabon sashe aka mayar da su can.

Ebola tana ɗaukar kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana a jikin wanda ya ɗauka. To ka lissafa. Waɗanda suka taɓa Sawyer tsakanin 20 da 25 ga Yuli, zazzaɓinsu ya fara fitowa ne a ƙarshen Yuli da farkon Agusta, daidai lokacin da ake ta fafutukar shirya inda za a kwantar da su. Cutar ta ba da wa'adi, wa'adin ya cika ɗaki bai kammala ba. Saboda irin waɗannan makonni biyu ake ƙera ɗakin killacewa na tafi-da-gidanka. Bayan wata guda, duk gwamnatin da ke da kuɗi za ta iya gyara gini ta yi masa fenti.

A unguwa kuwa wani yaƙin ake yi. Wani dare a farkon Agusta wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba, wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, shi ne makarin cutar. Ni ma daga gida aka kira ni, Hajiyarmu ce da kanta, kuma ba ta ajiye waya ba sai da na ce mata to. Wasu sun sha har ya kai su asibiti. Da ma a Legas in an ce an kai mutum Yaba, asibitin masu taɓin hankali ake nufi, sai ga sunan ya ƙara wata ma'anar da ta fi ta farko ban tsoro. Abin da ake faɗi a majalisarmu bayan isha'i shi ne, in an ɗauke ka ba mai ƙara ganinka, ba dubiya, ba mai kai maka ko kunu, in ka cika kuma ba wanka ba sutura. Labarin cewa an ƙona gawar Sawyer ya ƙara wa wannan magana ƙarfi a wurin Musulmi. Ɗan ci-ranin da ya ji haka, in zazzaɓi ya kama shi, ka san ba asibiti zai nufa ba. Kasuwar Mile 12 zai je ya hau motar da ta sauke tumatir za ta koma Arewa.

Allah ya tsare, cutar ba ta kai Arewa ba. Amma ta irin wannan hanya ta kai Fatakwal: wani jami'i da ake sa wa ido a Legas ya sulale ya tafi can, likitan da ya yi masa magani a ɓoye a otal ya kamu ya rasu. Mutum yakan gudu daga wurin da yake tsoro, cutar kuma ta bi shi. Don haka kamannin ɗakin killacewa, da abin da dangi ke gani in sun tsaya a bakinsa, yana cikin abin da mai saye zai rubuta a takardar kwangila. Zan dawo kan wannan.

Me ake saye, takamaimai?

Abubuwa uku ake haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma ta nan ɗan kwangila ke samun ƙofa. Akwai tanti ko kwantena da ake kafawa a fili ya zama sashen asibiti. Akwai akwati ko ɗaki da ake sa majinyaci a ciki don a ɗauke shi a mota ko jirgin sama. Akwai kuma ƙaramin ɗaki na mutum ɗaya da ake kafawa a cikin wani babban ɗaki. Takardar da ba ta fayyace wanne take so ba, mafi araha za a kawo mata.

Abin da ya raba tantin killacewa da rumfar biki shi ne yadda iska ke tafiya a cikinsa. Fanka ce ke zuƙe iska daga ciki fiye da yadda take shiga, sai matsin iskar ciki ya yi ƙasa da na waje. In an buɗe ƙofa, ko leda ta huje, iska ciki take kwarara maimakon ta fito da ƙwayar cuta. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gindaya wa ɗakin killace masu cutar da ke bin iska shi ne bambancin matsi na aƙalla faskal 2.5 (faskal awon matsin iska ne), kuma iskar ɗakin ta sauya sau 12 a awa guda. Iskar da aka zuƙo tana bi ta matatar da ake kira HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta ya kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya ne cikin dubu na milimita). A bakin ɗakin kuma akwai zaure, inda ma'aikaci ke tsayawa a rufe ƙofa ɗaya kafin a buɗe ta biyu. Duk wannan a kan wutar lantarki ya rataya. Fanka na tsayawa, tantin ya koma rumfar biki mai tsada.

Sai dai ga inda masu saye ke tuntuɓe. Ebola ba ta iska take bi ba. Ta jini take bi, da amai, da gudawa, da taɓa gawa. Mai ita yana iya zubar da lita biyar na ruwa ko fiye a rana ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi ne daɓen da ake iya wankewa, da masai na kansa, da ruwan kilorin kala biyu (mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari don daɓe da bahaya da kayan aiki, mai kashi 0.05 don wanke hannu), da hanya mai tafiya gaba kawai ta yadda wanda ya fito daga wurin masu cutar ba zai koma ta inda ya shigo ba, da raba wanda ake zargi da wanda aka tabbatar. Haka zazzaɓin Lassa yake a asibiti, kuma shi ne baƙonmu na kowace rani, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno tun 1969. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a matatar iska ya manta da salga da tanderun ƙona shara, ya yi wa korona da tarin fuka tanadi, ya bar Ebola da Lassa a waje. Wanda kuma ya yi akasin haka, 2020 ta nuna masa kuskurensa. Najeriya tana fama da iri biyun, saboda haka kayan da za a saya dole a iya ƙara musu na'urar iska ko a cire ta gwargwadon cutar da ta zo.

Abin da masu kuɗi suka yi

Amurka ta ba da misalai biyu a annobar nan guda, ɗaya na makara, ɗaya na haƙuri. A watan Satumban 2014 Shugaba Obama ya tura sojoji Laberiya, adadinsu ya kai kusan 2,800, don su gina cibiyoyin jinyar Ebola. Kafin a gama ginawa cutar ta riga ta fara sauka. A Afrilun 2015 jaridar New York Times ta ruwaito cewa cibiyoyi 11 da sojojin suka gina mutum 28 kacal masu Ebola aka yi wa jinya a cikinsu, 9 daga ciki ko mutum ɗaya mai cutar bai kwanta ba. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi da jiragen dakon kaya ita ma ta makara, domin sai da wuta ta kama ta fara haƙa rijiya.

Na biyun shi ne ɗakin ɗaukar majinyata a jirgi da suke kira TIS. Lokacin da aka kwaso Dokta Kent Brantly, likita ɗan Amurka da ya kamu da Ebola, daga Laberiya zuwa asibitin Emory a Atlanta a Agustan 2014, jirgin wani kamfani mai zaman kansa ne ya ɗauko shi, mutum ɗaya a sawu ɗaya. Ganin haka ma'aikatar tsaron Amurka ta ba da kwangilar ƙera ɗakin leda mai zaure da matatar iska wanda ke shiga jiragen dakon kaya na soja C-17 da C-130, ta sayi guda 25. Ebola ta wuce ba a ɗauki kowa a cikinsu ba. Shekara biyar ana fito da su ana atisaye ana mayarwa, sai a Afrilun 2020 aka fara aiki da su na gaske, aka ɗauko mutum uku masu korona daga Afganistan zuwa sansanin Ramstein a Jamus. Ko a nan ma sun ga ba ya ɗaukar mutane da yawa, suka yi sauri suka ƙera wani daga kwantenar jirgin ruwa mai ɗaukar har mutum 28. Abin lura a wurina shekaru biyar ɗin nan ne. Akwai wanda ya ci gaba da sa kuɗi a kasafi don kayan da ba a taɓa amfani da su ba, kuma ba a kore shi daga aiki ba.

Wanda ya fi kama da buƙatarmu kuwa ba soja ne suka ƙera shi ba. Ƙungiyar agaji ta ALIMA ce ta fito da wani ɗan ɗaki na mutum ɗaya mai bangon leda garai-garai, ana kiransa CUBE, ta yi aiki da shi a gabashin Kwango a annobar da ta fara a 2018. A jikin bangon akwai hannayen riga masu safa, likita na tsaye a waje ya zura hannu ya sa ruwa ko ya auna jini ba tare da ya sa cikakkiyar rigar kariya ba. Wanda ya san zafin Legas ya san darajar wannan, domin a cikin rigar nan da ƙyar mutum ke yin awa guda kafin gumi ya cika masa takalmi. Uwa kuma tana iya zama a waje ta ga ɗanta, ta yi masa magana, ta ga ya sha ruwa. Da a ce irin wannan mutanen majalisarmu suka gani a 2014, da rabin maganar ba dubiya ta mutu.

Onikan

Kusan shekara shida bayan Sawyer, Legas ta sake zama ƙofar shiga. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da korona a jikin wani ɗan Italiya da ya zo daga Milan, kuma wannan karon Yaba ta karɓe shi ba tare da an yi makonni ana neman ɗaki ba. Kafin ƙarshen Maris, bankin GTBank da gwamnatin jihar Legas ta Babajide Sanwo-Olu sun kafa cibiyar tanti mai gado 110 a filin ƙwallo na Onikan cikin 'yan kwanaki. Daga Obalende da ƙafa ma ana zuwa wurin. Hedikwatar tsaro ita ma ta ware wasu asibitocin soja don killacewa, ciki har da asibitin soja na 68 da ke Yaba, jiragen sojan sama kuma suka yi jigilar kayan asibiti.

Onikan ta nuna cewa a Legas akwai masu kafa manyan tantuna da masu haɗa wuta da famfo da za su iya wannan aiki cikin mako. Ta kuma nuna cewa abin ya dogara ne da wani attajirin kamfani ya ga dama, kuma wata guda cur ya wuce tsakanin kamuwar farko da buɗe ta. Da cutar ta dawo a ƙarshen shekarar, abin da ya yi ƙaranci iskar numfashi ce, har gwamnan ya ce buƙatarta a Yaba ta ninka sau biyar. Gado a cikin tanti ba ya numfasa wa kowa.

Me ya kawo soja cikin maganar?

Dalilai na zahiri ne. A Legas kaɗai soja na da asibitoci a Yaba da Ikoyi da Ojo da Ikeja. Suna da manyan motoci, da injiniyoyi, da jiragen C-130 a Ikeja, da filayen fareti masu katanga. Bariki kuma gari ne mai cunkoso, iyali a kan iyali, bayan gida na tarayya a wasu layukan. A 2014 akwai sojojinmu a aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya, tsakiyar annobar. Sojan da ya kamu a can ko a daji a Arewa maso Gabas, rundunarsa ce za ta ɗauko shi. Kuma soja ne kaɗai hukumar da al'adarta ita ce ta ajiye kaya ta yi ta atisaye a kansu don ranar da ba a san zuwanta ba.

Damuwata tana wajen doka. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, ta zo da ƙofofi biyu da tantin soja zai iya bi ya kauce wa idon jama'a. A rubutunta na 2007, sashe na 15 ya cire kayayyaki na musamman da suka shafi tsaron ƙasa daga ƙarƙashin dokar sai in shugaban ƙasa ya amince a sa su. Sashe na 43 kuma ya yarda a ba da kwangila kai tsaye a lokacin bala'i, a kai rahoto daga baya. Ƙofofin biyu suna da hujjarsu. Amma ƙasar da ta ga badaƙalar kuɗin makamai ta 2015, inda aka yi zargin karkatar da kimanin dala biliyan 2.1, tana da dalilin yin hattara da duk sayen da aka rufe da sunan tsaro. A ganina babu sirrin soja a cikin fanka da leda. A buga tallar kwangilar a jarida, kamfanoni su yi takara, likitocin soja da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa NCDC da ma'aikatar lafiya ta jiha su rubuta ƙa'idojin kayan tare, tun da ranar da cuta ta zo farar hula ne za su fi yawa a gadajen.

Sayen gaggawa kuwa na gan shi da idona a 2020. Farashi ya tashi a duniya baki ɗaya, ƙasashe da dama suka hana fitar da kayan kariya, jirgin ruwa daga Sin ya fi wata guda a hanya, sannan ga layin manyan motoci a Apapa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da sito ya koya mini

Na taɓa karɓar wasu na'urori da wani ɗan kwangila ya yi oda, masu kyau ƙwarai, muka buɗe kwali sai muka tarar na wutar Amurka ne, bolt 120, alhali tamu 230 ce. Babu wanda ya yi sata a nan. Takardar ce kawai ba ta faɗi ba. Na kuma ga ledar tanti da ta shekara biyu a naɗe cikin kwantena a rana, da aka zo warwarewa ta manne da juna, ɗinkin gam ya saki, fumfuna ta yi mata zane, ɓera ya yi gida a kusurwa. Matatar iska takarda ce a ciki, laimar Legas tana cin ta tun tana cikin kwali in ba a rufe ta da kyau ba. Safar hannu ma tana da ranar mutuwa.

Saboda haka takardar da aka rubuta don Legas za ta bambanta da wadda aka kwafo daga kasidar kamfanin Turai. Za ta nemi janareta biyu masu karɓar juna da kansu, da batirin da zai riƙe fanka a 'yan daƙiƙun da ke tsakani, da lissafin man gas na wata guda. Za ta nemi daɓe mai tudu, domin ruwan Yuni da Yuli ba ya tambayar ko filin fareti ne. Za ta tambayi yadda za a ɗaure tantin a kan kwalta inda turke ba ya shiga. Za ta nemi na'urar sanyaya ɗaki da aka gwada a zafi mai laima, da ma'aunin matsin iska mai ƙara in ya faɗi, da tankin ruwa, da masai, da tanderun ƙona shara, da wurin jingina tulunan iskar numfashi. Za ta sa matatun canji na shekaru a cikin kuɗin farko, da makanikin da ke zaune a Najeriya wanda za a iya kira da dare. Kuma ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai sojojin da za su yi aiki da shi sun kafa shi da hannunsu, a nan Legas, a damina, ana duba agogo.

Ba komai ne sai an shigo da shi ba. Ƙarafa da daɓe da tankuna da ɗinkin tamfol duk ana yin su a gida, kuma umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ce hukumomi su fifita kayan gida. Ga kuma kamfanin ƙera kayan soja na DICON a Kaduna tun 1964. Na'urar zuƙar iska da matatarta da ma'auninta su ne ba a wasa da ingancinsu.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon saje da ya yi shekaru yana riƙe da sito a bariki. Na taɓa kwatanta masa wannan tanti na ce, "Baba, in an kawo muku irin wannan, ya kuke yi da shi?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kayan da ba a fito da su an kafa duk wata uku ba, lamba ce kawai a littafi. Wanda aka koya wa kafawa an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya zo bai taɓa ganin cikin akwatin ba." Maganarsa ta fi duk abin da na lissafa a sama nauyi. Soja ana juya su daga runduna zuwa runduna, don haka horo na ranar karɓar kaya kaɗai ba ya kai shekara biyu. Mafita mai sauƙi ita ce a riƙa kai tantunan jihohin da Lassa ta tsananta a kowace rani, su yi aiki na gaske, a wanke su, a maye abin da ya lalace, a mayar sito kafin damina.

Sai batun da na ce zan dawo kansa. A Monrobiya, da gwamnati ta tilasta ƙona gawawwaki a Agustan 2014, mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiya da mamata, har aka janye dokar a ƙarshen shekarar. Ƙa'idar binnewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar, bayan shawara da malaman addini, ta tanadi yadda za a yi wa Musulmi: ba wanka da ruwa, amma ana iya taimama, a sa likkafani, a yi masa salla, a binne. Wannan yana da fassara a harshen ɗan kwangila. Yana nufin bango ko taga garai-garai ta ɓangaren baƙi, da shinge mai tazara inda dangi za su tsaya su gaisa da nasu, da ɗan wuri a gefe da za a shirya gawa, da fararen jakunkunan gawa da likkafani a cikin jerin kaya, da fili da jama'a za su yi sahu daga nesa. Yana kuma nufin a gayyaci limamai da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, da fastoci da shugabannin kasuwa, su zo su ga atisayen tun ana zaman lafiya. Kaki da bindiga a bakin ƙofa suna iya sa marar lafiya ya juya, don haka wanda ke karɓar mutane a ƙofar gaba ma'aikacin jinya ya kamata ya zama, masu gadi su tsaya baya.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne makulli. Sawyer ranar Lahadi ya sauka, likitoci na yajin aiki, ana shirin hutun salla. Ko da kwantenar tana nan cike a Ikeja ko Yaba, sai an san wane hafsa ne mai jiran aiki da ke da ikon buɗe ta a wannan daren ba tare da jiran wasiƙa daga Abuja ba, wane jami'in lafiya na jiha ne zai iya kiransa kai tsaye, wace mota ce za ta ɗauka, wa zai tuƙa ta, kuma akwai mai a tankinta. A rubuta sunayen muƙaman da lambobin wayar ofisoshinsu a manna a jikin ƙofar kwantenar, a riƙa sabunta takardar duk lokacin da aka yi canjin aiki.